A Buɗe Tsohon Dandali, Maganar 'Yan Rumfar Iro Tana Ciki

Zuwa ga
Malam Lurwanu,
Shugaban Kwamitin Ƙaura na Zauren Laraba,
Gaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan Malam yana cikin ƙoshin lafiya, shi da iyali da ɗalibansa, kuma kaka ta shigo masa da albarka.

Sunana Nazifi, haifaffen Gafasa ta ƙaramar hukumar Ajingi. Ina da digirin farko a kimiyyar kwamfuta, na kammala bautar ƙasa bara, na riƙe muƙamin sakataren fasaha na kwamitin da Malam yake jagoranta har zuwa ranar da aka sauke ni, kuma ni ne na tsara fuskar sabon dandalinmu tun daga bangonsa har zuwa launin harufansa. Ban jero waɗannan don Malam bai san su ba, tunda shi ya koyar da ni a aji huɗu na firamare. Na jero su ne domin duk wanda zai karanta wannan wasiƙa ya tabbatar cewa abin da zan faɗa na san shi sanin sana'a, kuma ɓarnar da zan bayyana akwai hannuna dumu-dumu a cikinta.

Manufata guda ɗaya ce: a buɗe tsohon dandalinmu da aka kulle, a kwaso maganganun 'yan Rumfar Iro na shekara shida, kafin ranar ƙarshe ta watan gobe, ranar da masu dandalin suka sanar za su goge komai.

Na zaɓi yin magana a bainar jama'a ne bayan na aika wa Malam saƙo sau uku ba amsa, sannan na hau babur daga Gafasa zuwa ƙofar gidansa a Gaya, aka ce mini ya fita, alhali takalmansa suna bakin zaure.

Saboda sababbin mambobi da kuma waɗanda za su ci karo da wannan rubutu daga waje, wajibi ne in yi taƙaitaccen bayani. Zauren Laraba ƙungiya ce ta masoya wasan kwaikwayon nan na rediyo da ake sawa duk ranar Laraba da yamma, mai labarin 'yan'uwa uku da gonar gado. Shekara shida muna haɗuwa a wani dandalin rubutu na intanet. Idan an gama shiri, mutum ɗaya ya rubuta abin da ya faru a makon, sauran jama'a su bi ƙarƙashin rubutun da tsokaci, wato ra'ayi da gardama da zolaya. Dandalin ba shi da wani ado: farin shafi ne da baƙin rubutu. Da masu shi suka ce za su rufe, muka kafa kwamitin ƙaura zuwa wani sabo. Abin da ya biyo baya shi ne zan zayyana.

Na ɗaya. Wace ce Rumfar Iro?

A rajistarmu, Rumfar Iro suna ne ɗaya, mamba ɗaya. A haƙiƙa kuwa mutum goma sha ɗaya ne. Iro tela ne a Gafasa, dattijo mai ƙaramar waya irin mai maɓallai. Kowace Alhamis bayan la'asar, manoma da makiyaya da suka saurari wasan jiya sukan taru a rumfar ɗinkinsa. Sai ya ajiye keken ɗinki, ya karanta musu abin da aka rubuta a zaure, su yi dariya, su yi musu, sannan kowa ya faɗi nasa, Iro ya buga da babban yatsa. Akasarinsu ba su karanta boko, don haka kowane tsokaci yakan fara da sunan mai shi: in ji wane, in ji wane. Har daga cikin gidaje ana aiko da magana, a rubuta ta da sunan mai ɗakin da ta aiko.

Daga cikin mutanen nan akwai ƙanin mahaifina, Baffa Sale. Malam ba zai manta da shi ba. Shi ne ranar da babban wan nan na cikin wasan ya rantse cewa yana gona yana roron wake a lokacin da aka sayar da shanun gidansu, ya sa Iro ya rubuta: "In ji Sale, a wannan makon ko gero ba a yanke ba a labarin, wane wake kuma? Ko dai marubucin bai taɓa riƙe fartanya ba, ko kuwa mutumin nan ƙarya yake shirgawa." Mu masu takardu muka yi ta fashin baƙi a kan halayyar ɗan Adam, muna wanke mutumin. Bayan mako uku asirinsa ya tonu a rediyo, daidai yadda Baffa ya faɗa. Malam da kansa ya rubuta a ranar cewa zaure ya sami alƙali. Tun daga nan, har wani mamban zaure da ke aiki a Legas ba ya cewa komai sai ya ji abin da Rumfa ta ce.

Abin lura a nan, wanda shi ne ƙashin bayan wannan ƙorafi: mutanen nan ba su taɓa wallafa rubutu ko ɗaya nasu na kansu ba. Duk abin da suka faɗa a shekara shida a wurin tsokaci yake, ƙarƙashin rubutun wasu.

Na biyu. Ƙaura da kwalliya.

Sabon dandalin yana ba kowane mamba shafinsa, ya ƙawata yadda ya so. Ba zan ɓoye ba, wannan dama ta ɗauke mini hankali. Na kwashe kwanaki ina tsara wa zaure babban shafi: kore mai duhu a bango, harufa masu ruwan zinare, hotunan gonaki suna juyawa a sama, ga kiɗan buɗe shiri yana tashi da kansa da zarar an shigo. Jama'a suka ɗauka. Wani ya sa hoton babur ɗinsa, wata ta cika gefen shafinta da zanen lalle, wani malamin makaranta a Ajingi ya mayar da nasa kamar allo, har da alli. Nawa kuwa hotona ne cikin rigar kammala jami'a, ya cinye rabin fuskar waya. Muka sa gasar shafi mafi kyau. Mako biyu ba wanda ya tattauna abin da ya faru a wasan; maganar launi kawai ake yi.

A ranar da na kwaso kayanmu daga tsohon dandali, na'urar ta rubuta mini ƙarara cewa gundarin rubutu kaɗai za ta ɗauko, tsokaci kuwa sai mai babban makulli ya fitar da su daban. Na karanta. Na fahimta sarai. Na ce wa kaina tsokaci hayaniyar kasuwa ce, abin da tarihi ke buƙata shi ne rubutun masana. Na danna na wuce. Ban sanar da kwamiti ba, domin ban ɗauke shi abin sanarwa ba. Na amsa wannan a gaban Allah da gaban jama'a.

Na uku. Dokar mamba.

Domin hanzarta ƙaura, kwamiti ya zartar cewa ba a lissafa mutum a matsayin mamba sai ya buɗe shafi da lambar wayarsa, ya sa hotonsa, ya ƙawata shafin cikin kwana talatin. Ni na rubuta daftarin wannan doka, har na kira ta tsarin tantancewa na zamani, ina jin daɗin yadda kalmomin suka zauna. Ban tsaya na tambayi kaina ba: mutum goma sha ɗaya masu waya ɗaya, ina za su samo lamba goma sha ɗaya? Dattijuwar da ke aiko da magana daga cikin gida, hoton wa za ta sa? Kwana talatin suka cika, sunan Rumfar Iro ya faɗi daga rajista ba tare da ko mutum ɗaya ya ɗaga murya ba.

Na huɗu. Kullewa.

A nan ne alhakina ya haɗu da na Malam. Da aka ga wasu suna ci gaba da hira a tsohon dandali, sai Malam, a matsayinsa na mai riƙe da babban makulli, ya rufe shi ruf, ba mai iya ko leƙawa. Na goyi bayan hakan a lokacin, har na ce matakin ya nuna jarumtar shugabanci. Amma makullin yana hannun Malam shi kaɗai, kuma har gobe yana can. Wato duk maganar Rumfa tana bayan ƙofar da mutum ɗaya ne zai iya buɗewa, a gidan da aka riga aka sa ranar rushe shi.

Na biyar. Abin da na tarar a Gafasa.

Duk wannan aiki a birni na yi shi, inda sabis yake cike. Da na dawo gida taya Baffa girbi, sai na bi ta rumfar Iro wata Alhamis, ina sa ran a yaba mini. Na tarar da Iro yana ɗinki shi kaɗai. Ya miƙo mini wayarsa ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce: "Injiniya, ga gidan da ka gina mana, shiga mu gani." Na buga adireshin. Muka jira. Wayar ta yi fari, ta yi zafi, ta mutu. Na fito da tawa babba, na hau tudun bayan makaranta inda ake samun sabis, shafin ya buɗe rabi, kiɗa ya tashi, rubutu bai fito ba. Tsohon dandalin da nake wa kallon ƙauyanci, a wannan ƙaramar wayar yake buɗewa kafin a gama gaisawa.

Iro ya gaya mini mako biyar suna taruwa yana gwadawa, har mutane suka gaji suka daina zuwa.

Wannan duk mai sauƙi ne idan aka kwatanta da abin da ya biyo baya. Muna cikin gona, muna ɗaure dawa, Baffa Sale ya tsaya ya dube ni. Ya ce shi dai yana so in gaya masa gaskiya: ko maganar da ya taɓa yi ce, cewa Malam Lurwanu ya fi iya fassara wasa da turanci fiye da saurarensa, ita ta sa aka kore su? Ya ce idan ita ce, in kai shi Gaya ya ba da haƙuri, domin wasa yake yi, kuma bai kamata laifinsa ya shafi mutum goma ba.

Malam, dattijo ne mai shekara kusan saba'in, yana tsaye cikin rana da igiya a hannu, yana neman laifin da ya yi. Ni kuma, mai digiri, na dube shi na ce masa matsalar sabis ce, za a gyara. Ƙarya na yi masa. Har yau da nake wannan rubutu ban warware ta ba.

Na shida. Taron Gaya.

Daga gona na wuce taron kwamiti da zafina. Abin da ya kamata in yi shi ne in fara da amsa kuskurena, sannan in roƙi gyara. Maimakon haka sai na miƙe a gaban mutane na ce shugabancin zaure ya faɗa hannun masu ƙarancin hangen nesa, na ce kullewar danniya ce da kama-karya, na ce Malam bai san bambancin dandali da allon aji ba. Na faɗi haka ga mutumin da ya taɓa kama hannuna yana gyara mini riƙon fensir. Aka sauke ni a wurin, kuma ban ga laifin wanda ya ɗaga hannu ba. Ina neman afuwar Malam a kan waɗannan kalamai, a nan, a fili, yadda na furta su a fili. Ba na neman a mayar da ni kan muƙami. Ban cancanta ba, kuma ba shi ne damuwata ba.

Sai dai rashin ladabina laifina ne ni kaɗai. Iro bai zagi kowa ba. Baffa bai halarci taron ba.

Na bakwai. Hujjojin da aka ce Malam yana bayarwa.

Tunda ban sami amsa daga bakinsa ba, zan dogara da abin da 'yan kwamiti suka isar mini, kuma idan an yi masa ƙari, a shirye nake in janye.

An ce Malam yana tsoron idan aka buɗe, jama'a za su koma tsohon wuri, sabon ya zama kufai. Wannan tsoro yana da tushe a watannin baya. Yanzu kuwa ba shi da muhalli, domin tsohon wurin kwanakinsa ƙididdigaggu ne. Ba wanda zai tare a inda aka ce masa watan gobe babu shi. Kuma ban ce a buɗe don a ci gaba da hira ba. Akwai hanyar da za a buɗe don karatu kawai, ba mai iya ƙara ko harafi.

An ce Malam yana ganin a cikin tsokacin akwai faɗa da baƙar magana da gara su tafi. Gaskiya ne akwai. Ni kaina ina da wasu a ciki da zan so ƙasa ta haɗiye su. Amma ba a ƙone rumbu saboda an ga ƙwari a zangarniya biyu. A kwaso duka, kwamiti ya zauna ya tace, abin da ya saɓa wa mutunci a ajiye shi gefe.

An ce kuma Malam yana cewa doka doka ce, kuma Nazifi ne ya rubuta ta. Wannan ita ce ta fi yi mini ciwo, domin babu ƙarya a cikinta. Amsata ita ce: marubucin dokar ne yake tsaye yau yana shaida cewa ya rubuta ta cikin jahilcin halin mutanensa. Na san yadda na'ura ke aiki, ban san yadda garinmu ke sauraron rediyo ba, ko kuma na sani na raina. Idan wanda ya gina katanga ya dawo ya ce ya gina ta a kan hanyar mutane, ba a ce masa ai kai ka gina, a bar ta haka.

Ina so Malam ya san kuma cewa biyu daga cikin goma sha ɗayan nan sun riga mu gidan gaskiya. Ba su bar hoto a waya ba, ba su bar murya a kaset ba. 'Ya'yansu sun tambayi Iro ko za a iya karanta musu abin da iyayensu suka riƙa faɗa. Iro ya ce su tambaye ni.

Saboda haka, cikin ladabi, ina gabatar da buƙatuna.

Ta farko, kuma ita ce uwa: Malam ya buɗe tsohon dandali, ko ya fitar da tsokacin da makullinsa. Idan bai amince ya ba ni makullin ba, kuma yana da dalilin ƙin amincewa, to ya zaɓi wanda ya yarda da shi, ko ya zauna da kansa a gaban kwamfuta ni ina tsaye daga nesa ina faɗa masa inda zai danna. Fitarwar ba za ta kai tsawon shirin Laraba ɗaya ba. Abin da zai ci lokaci shi ne jera kowace magana ƙarƙashin makon da aka yi ta, kuma dole a yi shi tsohon dandalin yana raye, domin a riƙa gwadawa ana tabbatarwa. A ƙiyasina aikin mako biyu ne, kuma na ɗauke shi a kaina, ba tare da sunana ya fito a ko'ina ba.

Ta biyu, a soke dokar mamba, ko a yi mata gyara ta amince da shafin taro, wato mutane da yawa a suna ɗaya, ba tare da sharaɗin hoto ba.

Ta uku, a ba da izini a sauke kwalliyar babban shafi: a cire kiɗan, a cire hotuna masu juyawa, a bar rubutu. Duk wanda ke son ado ya yi a shafinsa na kansa, wannan haƙƙinsa ne, kuma wasu shafukan sun yi kyau ƙwarai. Amma ƙofar da kowa zai bi ya shiga, a gwada ta da wayar Iro kafin a ce ta yi. Ni na riga na fara da nawa: na cire rigar jami'a.

Ta huɗu, Malam ya aika wa 'yan Rumfa kalma ɗaya da sunan kwamiti, cewa ba a kore su don wani laifi ba. Daga bakina ba za ta yi nauyin da za ta yi daga nasa ba.

Ina roƙon Allah Ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana, Ya saka masa da alheri a kan shekarun da ya yi yana riƙe da wannan zaure ba albashi ba godiya, Ya albarkaci zuriyarsa, Ya sanyaya zuciyarsa a kan abin da harshena ya jawo, Ya kuma nuna mana gaskiya tare, Ya ba mu ikon bin ta.

A ƙarshe, ina neman amsa a rubuce, ko a ƙarƙashin wannan wasiƙa inda kowa zai gani, ko a takarda mai sa hannun Malam, kafin sallar la'asar ta Laraba ta biyu a watan gobe. Bayan wannan rana, ko an buɗe, lokaci ba zai isa a kwashe komai cikin tsari ba. Idan amsar a'a ce, a rubuta a'a, tare da dalili, zan karɓa. Shiru ne kawai ba zan iya kai wa kowa ba.

Washegarin wannan Laraba, Alhamis bayan la'asar, na roƙi Iro ya tara mini mutanensa tara da suka rage. Zan zauna a ƙasa a gabansu in gaya wa Baffa Sale cewa ba sabis ba ne, ba kuma bakinsa ba ne, ɗan wansa ne. Wannan zan yi shi ko Malam ya amsa ko bai amsa ba. Abin da ke hannun Malam shi ne jimlar da zan faɗa bayan nan: ko in ce musu maganarku tana nan, ga ta, ko in ce musu ta tafi.

Wassalam.

Ɗalibinka,
Nazifi,
Gafasa, Ajingi.